Kullum Ɗaya Ga Janairu

Ya Fanna ta sauka daga motar Sakwa da ƙwarya a ka, kuma ba ta amsa gaisuwar kowa ba sai da ta sauke ta a tsakar gida, ta kori akuya, ta tabbatar babu mai tuntuɓe da ita. Ƙwan zabi ne a ciki, guda tamanin da huɗu, kwance cikin ƙaiƙayi. Ciwo ne ya shiga gidanta da faɗuwar damina, ya share kajin da take ba wa kwanci, sannan ya juya kan zabin. Waɗannan ƙwai su kaɗai suka bari. Kuma ba zabin kasuwa ba ne, jikokin jikokin waɗanda ta taho da su daga Gaidam ne tana amarya, shekara arba'in da suka wuce. In ƙwan nan suka lalace, irin ya ƙare ke nan.

"Ina 'yar taka mai inji?" ta tambayi ƙanenta, Alhaji Zarami.

Radiyya ta fito tana goge hannu da zane. Shekara guda ke nan da ta gama karatun lantarki, aiki bai samu ba, sai ta mayar da ɗakin ajiyar da ke kusa da zaure wurin ƙere-ƙerenta. A nan ta haɗa injin ƙyanƙyasa da gawar wani tsohon firij. Ta sa masa abin ɗumama, da fanka, da ɗan ƙaramin inji mai juya tiren ƙwai, ta jawo wuta daga solar da ke kan rufi. Mai kula da su duka wani allon kwamfuta ne da bai fi tafin hannu ba. Shi ke auna zafi, shi ke juya ƙwai duk bayan awa huɗu, shi ke ƙirga kwanaki. A kwana na ashirin da biyar dole ya daina juyi, domin a lokacin ɗan tsako ya gyara kwanciya ya sa baki inda zai fasa. Aka ci gaba da jujjuya shi, a ciki zai mutu.

Ya Fanna ta zagaya firij ɗin sau biyu.

"Wannan ce kazar?"

"Ita ce, Ya Fanna."

"Ta san lissafin kwana?"

"Akwai agogo a cikinta."

"Tawa ba ta da agogo, kuma ban taɓa kama ta da kuskure ba."

Amma tata ta mutu, don haka ta bar ƙwan. Ranar Litinin aka jera su. Kafin ta koma ta ce za ta dawo ranar Lahadi ta huɗu da kwando.

Alhaji Zarami yana tsaye a bakin ƙofa duk tsawon lokacin, hannu a baya. Tsohon hedimasta ne, shekara talatin da biyar yana buga ƙararrawa a kan lokaci, kuma bai taɓa aron ko allura bai mayar da ita inda ya ɗauka ba. In ya ga rubutacciyar doka a bango, ko ta yara ce, sai ya bi ta. Radiyya, da yake ba kullum take samun mai sauraro ba, ta buɗe akwatin allon ta yi masa bayani dalla-dalla.

"Ka ga wannan ɗan batirin mai kama da kwabo, Baba? Shi ke riƙe agogo in wuta ta ɗauke."

Ya sunkuya ya dube shi da kyau, har da gyara tabarau. Ta ji daɗi ƙwarai. Sannan ta ɗauko takarda ta rubuta da manyan baƙaƙe, A KASHE KAFIN A BUƊE, ta liƙa a jikin akwatin, don kada wani ya sa hannu wuta ta ja shi. Alhaji ya karanta, ya gyaɗa kai, ya ce rubutun ya yi kyau.

Kwana goma komai lafiya. A na sha ɗaya, da hantsi, Radiyya ta shiga duba zafi, sai ta ga ɗan gilashin da ke nuna lokaci ya rubuta ɗaya ga Janairu, shekara ta dubu biyu. A ƙasa kuma, inda ya kamata a ga kwana sha ɗaya, sifili ne zaune abinsa.

Ba ta tsorata ba. Ta san irin wannan agogo, in ya rasa wuta gaba ɗaya, ba tsayawa yake yi ba, mantuwa yake yi, ya koma ranar farko da aka koya masa a masana'anta. A ɗakin kuwa babu intanet da zai tambayi lokaci. Ta ɗauki hoton gilashin da wayarta, ta saita agogon, ta ɗauko mita ta auna ɗan batirin. Lafiyarsa ƙalau. Ta goge mazauninsa, ta ɗan matse ƙarfen da ke riƙe shi, ta ce shi ke nan.

Bayan kwana uku aka sake komawa shekara ta dubu biyu.

Daga nan kowa ya zama abin zargi. Ta zargi sola, ta hau rufi ta duba, har maƙwabta suka fito kallo. Ta zargi zafi, ta sa wa allon ƙaramar fanka tasa shi kaɗai, gata da ita kanta ba ta da shi. Ta zargi ɓera, ta ɗana tarko, ta kama ɗaya, kuma da ganin fuskarsa ka san bai san komai game da lantarki ba. Ta narke duk dalmar da ke ƙafafun agogon ta sake liƙewa. Ta bi umarnin da ta rubuta wa allon layi-layi har idonta ya yi ja. Abin ya yi shiru kwana biyu, sai da ta fara sakin jiki, sannan ya koma Janairu.

Abin haushin shi ne ba kullum yake yi ba. Da kullum ne, da mutum ya san da wa yake faɗa.

Hajiya Bara'atu, mahaifiyarta, ta leƙo wata rana ta same ta zaune a ƙasa, ta zuba wa firij ido.

"Ko a kira Malam Umara ya yi masa tofi?"

"Hajiya, inji ne."

"To ai ke ma na ga magana kike yi masa."

Da a ce Radiyya za ta zauna a gida, matsalar ba ta kai ta kawo ba, sai ta riƙa saita agogon, ranar ashirin da biyar ta tsayar da juyi da hannunta. To ana cikin haka aka kira ta jarrabawar ɗaukar aiki a Bauchi. Za ta tafi Laraba, ta dawo Lahadi. Kwana na ashirin da biyar kuwa ya faɗa ranar Alhamis. In agogon ya yi halinsa bayan tafiyarta, injin zai ɗauka yau aka sa ƙwai, ya ci gaba da juya su cikin natsuwa har ya kashe su duka. Ta kwanta da wannan ta tashi da shi. Tsoro take ji, ba na faɗan Ya Fanna ba, na shirunta. Ta san yadda tsohuwar za ta ɗauki kwandonta babu komai a ciki ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri.

Ranar Litinin, saura kwana biyu tafiya, abin ya sake faruwa. Ta ɗaga waya za ta ɗauki hoto kamar kullum, sai idonta ya sauka a kan abin da ta yi kwana goma sha ɗaya tana tsallakewa. Kullum kwanan wata take kallo. Ba ta taɓa kallon awa ba. Gilashin ya ce ƙarfe biyu da minti goma sha takwas, wayarta ta ce takwas da minti goma. Agogon daga sifili yake farawa in ya farfaɗo, ashe duk tsawon lokacin nan yana faɗa mata awa nawa da mutuwarsa, ita ce ba ta tambaya ba. Ta cire wannan daga wancan, ya ba ta shida saura minti takwas na safe.

Ta buɗe sauran hotunan, kowanne da lokacin da aka ɗauke shi. Shida saura minti goma sha ɗaya. Shida saura minti biyar. Shida saura minti tara. Ta ajiye wayar. Ba ta taɓa jin dalma mai kiyaye lokaci haka ba, ɓera ma bai kai nan ba.

Talata da asuba, bayan ta yi salla, ta je ta zauna bayan buhunan gero a ɗakin ajiya. Sauro ya ci rabonsa, gari ya waye, babu abin da ya faru. Laraba ta sake komawa, jakarta a shirye, motar Bauchi ƙarfe bakwai. Ta ji masu dawowa daga masallaci suna sallama da juna a waje. Haske ya fara shigowa ta taga. Sai aka turo ƙofa a hankali.

Alhaji Zarami ne, da carbinsa a wuyan hannu. Ya tsaya gaban akwatin, ya karanta takardar kamar yau ya fara ganinta, ya miƙa hannu ya kashe wuta. Fanka ta yi shiru. Ya buɗe akwatin, ya sa farce ya ɓalle ɗan batirin. Daga aljihun jamfarsa ya zaro wata 'yar na'ura, ya sa batirin a bayanta, ya soki ɗan yatsansa, ya ɗiga jini a kan ɗan tsinken gwaji. Ya tsaya yana kallon lambar da ta fito, ya daɗe. Sannan ya ciro batirin, ya goge shi da gefen riga, ya mayar da shi daidai yadda ya same shi, ya rufe akwatin, ya kunna wuta. Ko ƙura bai bari ba.

"Baba."

Bai firgita ba, ko kuma ya firgita irin ta hedimasta, wadda ba a gani. Ya juyo ya dube ta tsakanin buhuna.

"Kin tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Baba. Me kake yi?"

"Aro na yi. Na mayar."

"Ka kashe wutar."

"Haka kika rubuta."

Gaskiya ne, haka ta rubuta, da manyan baƙaƙe ma. Muddin wutar sola na shiga, ko an cire batirin agogon ba zai ji komai ba. Muddin batirin na ciki, ko an kashe wuta ba zai ji komai ba. Sai an haɗa biyun, kuma a duk faɗin Azare mutum ɗaya ne mai ladabin da zai haɗa su.

"Minti biyu ne kacal," in ji shi. "Agogon bango in ka cire masa batir tsayawa yake yi, ka mayar ya ɗora daga inda ya tsaya. Na ce minti biyu ba za su hana ƙwai ƙyanƙyashewa ba."

"Wannan ba ya tsayawa, Baba. Mantawa yake yi. Dubi."

Ya dubi gilashin. Ɗaya ga Janairu, shekara ta dubu biyu, minti ɗaya da haihuwa. Ya gyara tabarau.

"To wannan rashin tarbiyya ne," ya ce a hankali. Amma ta ga kunya ta kama shi. "Ni ne na sa kika hau rufi?"

Na'urar da ke hannunsa take kallo. Ta san ta. Ta gwajin suga ce, wadda ya jefa a durowa bara, ranar da ya tara iyalinsa ya sanar cewa ya warke, a mayar masa da sukari cikin shayi. Tun daga ranar Hajiya take zuba masa cokali biyu tana yi wa Allah godiya.

"Nawa ta nuna?"

Ya yi gyaran murya. Ya faɗa. Ba injiniya kaɗai ba, ko Ya Fanna aka faɗa wa wannan lamba ta san ba ta lafiya ba ce. Sai yanzu Radiyya ta lura da yadda wuyan jamfar ya yi masa yawa.

"Me ya hana ka sayi batir?"

"A wurin wa? Maikuɗi mai gyaran agogo ne ke da irinsa, kuma ƙanen uwarki ne. Kafin in iso gida labari ya riga ni." Ya mayar da na'urar aljihu. "Ina so ne in ga ko zai sauka da kansa."

"Ya sauka?"

"Yana tunani."

Ƙarfe shida ta wuce. Babu shagon da zai buɗe kafin motar ta tashi, kuma ta san mahaifinta, in ta ce kada ya ƙara taɓa batirin, ba zai taɓa ba, kuma ba zai je wurin Maikuɗi ba. Zai zauna ne kawai bai san abin da ke cikin jininsa ba. Batir ɗaya ne a gidan, masu buƙata biyu.

Ta buɗe akwatin ba tare da ta kashe komai ba. Alhaji ya ɗaga hannu zai nuna mata takarda, ta yage takardar ta dunƙule. Ta saita agogon, ta ɓalle batirin, ta kamo hannunsa ta sa masa a tafi.

"Ka riƙe. Ka riƙa gwadawa kullum, ba sai ka ga dama ba."

"Ƙwan Ya Fanna fa?"

"In wuta ba ta ɗauke ba, agogon zai rayu haka nan. In ta ɗauke, ya manta. Saboda haka kai ne agogon yanzu." Ta nuna masa wata jar waya da ke shiga injin juyi. "Gobe Alhamis da safe, ko me gilashin nan ya ce, ka zare wannan. Kada ka buɗe firij ɗin, ko ka ji ana kuka a ciki."

Ya maimaita umarnin kalma-kalma, kamar mai karɓar aikin jarrabawa. Maganar gaya wa Hajiya kuwa babu wanda ya tayar da ita. Radiyya ta so ta ce wani abu, ta ga ba a gaya wa uba irin wannan, ta ɗauki jakarta.

A Bauchi ta yi jarrabawa rabin hankalinta na Azare. Tun daren Larabar hadari ya haɗu, aka yi kwana biyu rana ba ta leƙo ba, kuma ta san batirin solarta ba ya jure yunwa. Ta kira gida, Hajiya ta ce lafiya lau, Alhaji yana ɗakin ajiya. Ta sake kira, aka ce yana ɗakin ajiya. Shi kuwa ba ya ɗaukar waya in yana bakin aiki, tun yana hedimasta.

Ranar Lahadi da la'asar ta sauka, ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba ta wuce ɗakin. Abin da ta fara gani gilashin ne. Ɗaya ga Janairu ya riga ya wuce, injin yana cikin huɗu ga wata, shekara ta dubu biyu. Wuta ta ɗauke ke nan, tun ranar Alhamis da sassafe.

Sai ta ga bargon Alhaji a ninke a kan firij. Ta ga jar wayar a zare, an naɗe bakinta da ƙyalle an ɗaure da zare. A inda takardarta take a da, an liƙa wata da rubutun hedimasta: An zare ranar Alhamis, ƙarfe shida da kwata na safe. Wuta ta ɗauke awa uku, an rufa bargo. Ba a buɗe ba.

Daga tsakar gida kuma wani ƙara ke tashi, siriri, mai yawa, kamar an tara ƙananan usur. Ta fita. Ya Fanna na zaune a tabarma, kwando a gabanta, 'yan tsaki masu zane a ka suna hawa kan juna. Tun da hantsi ta iso, ta ce ita babu rubutun da ya hana ta buɗewa, tunda ba ta iya karatu ba.

"Sittin da bakwai," ta ce, ba ta ɗago ba. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta kai shi kusa da fuskarta. "Kan uwarsu ne sak." Muryarta ta ɗan karye, sai ta yi tari ta gyara. "An ce injin naki ya rubuta ranar haihuwarsu."

"Ya ce shekara ta dubu biyu."

"Ke wace shekara aka haife ki?"

"Dubu biyu da ɗaya."

"To ki riƙa gaishe su, yayyenki ne."

Alhaji Zarami na kan kujerarsa a gindin darbejiya. Radiyya ta durƙusa ta gaishe shi. Ya tambayi hanya, ya tambayi jarrabawa, sannan ya sa hannu a aljihu ya ciro wani abu a naɗe cikin takarda, ya sa mata a tafi. Ɗan batirin ne, an goge shi har yana ƙyalli.

"Baba, ai na ce ka riƙe."

"Aro ne. Na sayi nawa."

"A ina?"

"Wurin Maikuɗi," in ji shi, yana kallon 'yan tsakin. "Da rana tsaka na je."

Kafin ta ce wani abu Hajiya Bara'atu ta fito daga kicin da kofin shayi, idonta a kumbure, mabuɗin kabad ɗin sukari rataye a wuyanta da sabon zare. Ta ajiye kofin a gabansa da ɗan ƙarfi, ta tsaya a kansa. Alhaji ya ɗauka ya kurɓa. Fuskarsa ta yamutse ta koma daidai.

"Ya yi?" in ji Hajiya.

"Ya yi," ya ce, ya ƙara kurɓa.